Kwalbar Teku

Ni aka bar wa makullin gida.
Kwana goma sha biyu, in ji Tsahiru,
ki ba zogale ruwa, ki ba tunkiya dusa,
in mai kuɗin wuta ya zo, ki ce mun tafi Istambul.
Na ce, zan ce kun tafi.
Sauran ya fi ƙarfin bakina.

Motar asuba ta kwashe su zuwa Yamai,
daga can sai sama.
Ni iyakata Damagaram,
sau ɗaya, shi ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni.

Kullum bayan lisha
salula na motsi ƙarƙashin matashi.
Ga Barira a bakin wani masallaci,
iska na fizgar mayafinta, tana dariya,
hasumiya shida, da yatsa na ƙirga.
Ga Nafi'u da burodi mai rami a tsaka
ya zura a hannu kamar warwaro.
Ga ƙanena,
wanda ke tayin buhun albasa tun hantsi har azahar,
ya biya jika biyu don shayi
a kofin da bai kai ƙwan zabo ba,
kuma bai ce uffan ba.

Wai ruwa ne ya raba garin biyu,
ka karya kumallo a wata nahiya, ka ci na rana a wata.
Na ce wa Tabawa ta kan katanga,
ai mu ma in gulbi ya kawo
haka muke da mutanen ƙetare.
Ta ce, ba ɗaya ba ne.
Na ce, na sani.

Hindatu ce ba ta tsayawa hoto.
Sai ƙeyarta, sai ɗan kitsonta,
kullum ta ba mu baya tana kallon ruwa.
Muryarta kaɗai ta aiko mini, iska na cinye rabi:
Gwaggo, ba ya da ƙarshe.
Gwaggo, zan kawo miki.

Daren da suka dawo an yi ruwa a Maradi,
wuta ta ɗauke, Ali Ɗan Sofo duhu ɗum.
Da hasken cocila aka buɗe akwati:
darduma mai laushi, gyale ruwan toka,
alewa mai danƙo da ta kama mini haƙorin da ya rage.
Kowa na magana, ba mai saurare.

Ita tana bayan ƙyaure.
Na ce, zo nan, ƴar shekara shida.
Ta miƙo gorar roba, ta lotsa gefe guda,
ba komi ciki.
Da hannunta ta cika ta, in ji Barira,
ta kwana da ita, ta hau jirgin ƙasa da ita,
sai a filin jirgi wani mai kaki
ya ce ruwa ba ya wucewa.
A gabanta aka tsiyaye.
Ta yi kuka har Yamai, amma ba ta saki gorar ba.

Na murɗe marfin.
Wani ƙarni-ƙarni, kamar ranar da masu kifin Madarunfa
suka tashi suka bar inuwarsu.
Na ɗaga ta sama, na jira.
Na jira.
Ɗigo ɗaya ya gangaro a hankali
ya sauka a harshena.
Gishiri, da ɗan ɗaci a bayansa.

Yanzu in baƙi sun zo barka da dawowa
Tsahiru na ta jan yatsa a kan salula,
hoto ɗari huɗu da wani abu.
Ni ina gefe ina tsince shinkafa.
In an ce, Gwaggo, ke ba ki je ba?
sai in ce, a'a,
ɗanɗanawa dai na yi.

Gorar na kan kabad, kusa da kwanon goro.
Hindatu kan duba marfin kafin ta tafi lakwal.